Sa'adatu, Aristo da Rumbun Manomin Ɗambatta

Mai karatu, ka lura yawancin finafinanmu da littattafan soyayya a wuri ɗaya suke tsayawa? An sha wahala, an ɗaura aure, shi ke nan sai a rubuta Alhamdulillahi. Babu mai tambaya ko amarya ta ji daɗin zaman.

Girkawan dauri kuwa a nan suke fara magana. Aristo, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce komai ɗan'adam yake nema, kuɗi ne ko mulki, don wani abu yake nemansa, ban da abu guda da ake nema don kansa. Shi ne Larabawa suka fassara da sa'ada. Alfarabi ya yi littafi a kanta, haka Imamu Gazali, wanda har gobe ake karanta Ihya'unsa a zaurukan Kano. In sunanki Sa'adatu, to daga wannan kalma ya fito.

Sai dai sa'adar Aristo ba farin cikin ranar biki ba ce. Rayuwa ce sukutum da aka yi ta cikin kyan hali. Ya kuma yarda cewa hali kaɗai bai isa ba, sai da lafiya, abokai da ɗan abin hannu. Wasu da suka biyo bayansa suka ce a'a, mai kyan hali ko a kurkuku yake ya dace.

Ni dai ina bayan Aristo, kuma hujjata tana karkarar Bichi, Ɗambatta da Minjibir, inda gona ke jingine da gona, ba a barin ƙasa ta huta sai dai a yi ta kai mata taki a mangala. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 kasuwar gyaɗa ta buɗe, manomi ya riƙe silalla, ga haraji ana nema da kuɗi. Sai damina ta ƙi a 1913. Yunwar 1914, wadda aka laƙaba wa Kakalaba, ba ta tambayi halin kowa ba. Dattijon kirki ya sayar da akuya, ya sayar da garma, wani ma ya bar garin da dare don kunyar iyalinsa.

Je ka tambayi tsohon ƙauye a wannan yanki me yake roƙo. Da wuya ya ce arziki. Zai ce rufin asiri: geron da zai kai shi wata kakar, ya aurar da 'yarsa ba bashi, baƙo ya sauka a ɗebo masa fura.