Kwaɗo Mai Farce da Majalisar Malamansa

Kusan kowace shekara biyu, galibi a wani gari na Amurka ko na Turai, malaman ilmin halittu daga ƙasashe dabam-dabam, tun daga shaihunnai masu furfura har zuwa almajiran da ke neman digirin ƙoli, sukan haɗu su yi kwanaki suna muzakara a kan kwaɗo guda, wanda suke kira Xenopus. Kuma sharaɗin duk mai son a saurare shi a wannan majalisa shi ne, tun da sauran watanni kafin ranar, ya aika wa kwamiti da tsakuren bincikensa, wato 'yan layuka da ba su cika shafi ɗaya ba, inda zai faɗi mas'alar da ya tasa a gaba, da hanyar da ya bi, da abin da ya gano. Wanda bai san asalin lamarin ba yana iya ɗaukarsa shagalin masu abin hannu. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, domin tarihin wannan dabba ya ratsa ta ɗakunan awon ciki da zauren kyautar Nobel, kuma, kamar yadda mai karatu zai gani, ya biyo ta Nijeriya.

Shi dai wannan kwaɗo mazaunin tafkuna da kududdufan kudancin Afirka ne, kuma siffarsa ta saɓa wa ta kwaɗin da muka saba ji da damina. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne mai santsi, idanunsa a saman kai suke, ba shi da harshe, sai dai ya riƙa cusa abinci a baka da hannuwansa, a ƙafafunsa na baya kuwa akwai baƙaƙen farata uku-uku. Ba ya barin ruwa sai da larura, kuma yana iya wuce shekara 15 a raye idan ya sami kulawa. Wani Bafaranshe mai suna Daudin shi ya fara siffanta shi a littafi a 1802, daga nan aka yi fiye da ƙarni guda ba mai waiwayarsa sai ɗaiɗaikun masu sha'awar dabbobi da malaman Afirka ta Kudu, waɗanda suka same shi a arha don koyar da ɗalibai fiɗa.

Al'amarin ya sauya ne da zuwan wani Bature ɗan Ingila, Lancelot Hogben, wanda ya karɓi kujerar ilmin dabbobi a Jami'ar Cape Town a 1927. Yana cikin binciken yadda fatar kwaɗon ke sauya launi sai ya lura cewa idan aka yi wa macen allurar ruwan da aka tatso daga wata 'yar ƙaramar ƙullutuwa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar shanu, sai ta zuba ƙwai ko da ba lokacinta ba ne, kuma ya bayyana haka a taƙaice a 1930, shekarar da ya tattara ya koma Landan, saboda, ban da wasu dalilai, zuciyarsa ba ta natsu da wariyar launin fata da ya tarar a can ba. Kwaɗinsa ma bai bar su a baya ba. A lokacin kuwa likitocin Jamus, Aschheim da Zondek, sun riga sun tabbatar cewa fitsarin mai juna biyu yana ɗauke da wani sinadari mai motsa mahaifar ƙwan dabba, sai dai awon nasu yana bukatar a yi wa 'yan ɓeraye allura na kwanaki, sa'an nan a yanka su a duba. Awon zomo da ya biyo baya shi ma sai an farke cikin dabbar.

Da kwaɗo kuwa, ga yadda ake yi. Ma'aikaci zai kamo mace daga kwatarniya, ya riƙe ta da kyau domin santsinta, ya soka allura ƙarƙashin fatar bayanta ya zuba ɗan abin da aka tace daga fitsarin, sa'an nan ya saka ta ita kaɗai a kwalba mai ruwa, bisa wata 'yar raga, don ƙwan ya zurara ƙasa kada ta juyo ta cinye shi. Sai a tafi a kwana. Idan gari ya waye aka ga ƙwayaye birjik a gindin kwalbar, kowanne rabinsa baƙi rabinsa fari-fari, to matar da aka kawo fitsarinta tana da ciki. Idan ruwa ya kwana garau, babu. Ita kwaɗuwar kuma a mayar da ita cikin 'yan'uwanta, a ba ta yankakkiyar hanta, ta huta wasu makonni, a sake.

To, a nan ne husuma ta tashi, kuma a ganina duk mai son fahimtar hikimar tsakure ya kamata ya tsaya a kanta. Wasu malamai biyu da ke Cape Town, Hillel Shapiro da Harry Zwarenstein, sun gabatar wa ƙungiyar masanan Afirka ta Kudu da awon ciki na kwaɗo a 1933, kuma a 1934 gajeren bayaninsu ya fito a mujallar Nature, shekarar da Charles Bellerby, wanda ke aiki a ƙarƙashin Hogben a Landan, shi ma ya buga nasa a mujallar. Daga baya Francis Crew, shugaban tashar awon ciki ta Edinburgh, ya laƙaba wa awon sunan Hogben, mutanen Cape Town kuwa suka ce ba su yarda ba, aka yi ta musayar wasiƙu masu zafi a mujallar likitocin Birtaniya, kowane ɓangare yana kafa hujja da abin da ya rubuta da ranar da ya rubuta shi. Ba aikinmu ba ne mu yi alƙalanci tsakanin mamata. Abin lura shi ne duk shari'ar ta rataya ne a kan 'yan gajerun sanarwa masu kwanan wata, domin a wurin waɗannan malamai da'awar da ba a rubuta ba, ba a karanta ta gaban jama'a ba, hukuncinta ɗaya da wadda ba a yi ba.

Daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa na 1950 an yi ta lodin dubban kwaɗi daga Afirka ta Kudu zuwa asibitocin duniya. A 1960 aka fito da awon da ba ya bukatar dabba, sannu a hankali kasuwar ta mutu. Sai dai kafin nan masu binciken yadda halitta ke ginuwa daga ƙwai sun riga sun gane ni'imar da ta faɗo musu: a da sai su jira bazarar ƙasarsu su shiga fadama neman ƙwan kwaɗo, wanda ya kuskure makonnin nan kuwa ya yi asarar shekara, yanzu ga dabbar da allura ɗaya ke sa ta ba da ɗaruruwan ƙwai a kowane wata aka so, ƙwan kuma manya, sun ɗara milimita guda, ana iya yanka su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A 1956 malamai biyu na ƙasar Holan, Nieuwkoop da Faber, suka wallafa jadawalin da ya kasa rayuwar kwaɗon, daga ƙwai zuwa talibambam zuwa ranar da wutsiya ta ɓace, zuwa mataki 66, kowanne da siffarsa. Wannan jadawali shi ya zame musu kamar yadda Muhtasar yake a wurin malaman fiƙihunmu: da zarar mai tsakure ya rubuta mataki na 10, na Tokyo da na Paris sun san sa'ar da yake nufi, ba sai ya ɓata layi wajen sharhi ba.

Mafi shahara cikin waɗanda suka ci gajiyar wannan dabba shi ne John Gurdon, wanda ya fara aikinsa yana ɗalibi a Oxford a hannun Michael Fischberg. Mas'alar da ta dami malamai a lokacin ita ce: shin ƙwayar halittar da ta riga ta zama ta hanji ko ta fata, ta zubar da sauran umarnin da ta gada ne, ko kuwa yana nan an dai rufe shi? Gurdon ya riƙa kashe cibiyar ƙwai da wani irin haske, ya zuƙo cibiyar ƙwayar hanjin talibambam da tsinken gilashi siriri, ya dasa a gurbinta, ɗaya bayan ɗaya. Kuma cikin dashe 726 da ya ba da rahotonsu a 1962, guda 10 ne suka zama talibambam masu iyo suna cin abinci. Adadin kaɗan ne, masu shakka kuma ba su yi shiru ba, amma ya isa burhani cewa littafin halitta yana nan cikakke a kowace ƙwaya, tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara shi. Sai bayan shekara 50, a 2012, aka ba shi kyautar Nobel tare da Shinya Yamanaka na Japan.

Da almajiran wannan fanni suka yawaita, sai suka fara taron kansu a Amurka a 1984, daga baya ya riƙa zagayawa: Japan a 2006, Jamus a 2008, Kanada a 2010, Faransa a 2012, tsibirin Kirit na Girka a 2016. Kwamiti shi ke karanta tsakuren da aka aiko, ya zaɓi 'yan kaɗan da za su hau mumbari, sauran kuwa kowa ya manna sakamakonsa a babban allo ya tsaya a gefensa, manya suna zagayawa suna yi masa tambayoyi. Yawancin abin da ake kawowa ba a riga an buga shi ba, don haka mai aikawa yana tsakanin tsoro biyu, kada ya faɗi da yawa wani ya riga shi, kada kuma ya ɓoye da yawa kwamiti ya ga babu komai a ciki.

Ba za a ɓoye ba, yaɗuwar kwaɗon ta zo da ɓarna. Waɗanda suka tsere ko aka zubar sun kafa zuriya a Kaliforniya da Chile da Faransa suna cinye 'yan ƙasa, kuma an daɗe ana tuhumarsa da yaɗa wata cutar fata da ta hallaka kwaɗi a nahiyoyi da dama, ko da yake binciken da aka buga a 2018 ya nuna asalin cutar daga gabashin Asiya yake.

Saura batun Nijeriya. Kwaɗon Afirka ta Kudu yana da aibu biyu a wurin masu nazarin gado: yana ɗaukar shekara ko fiye kafin ya balaga, kuma ƙunshin gadonsa ninki biyu ne, sanduna 36. Saboda haka tun daga shekarun 1990 aka juya ga ƙaramin ɗan'uwansa na dazuzzukan Afirka ta Yamma, Xenopus tropicalis, mai sanduna 20, wanda ke balaga cikin 'yan watanni. Kuma lokacin da aka kammala karanta gadonsa baki ɗaya a 2010, karon farko ga kowane kwaɗo a duniya, zuriyar da aka yi aikin da ita kakanninta daga Nijeriya aka ɗebo su, har yau kuma da sunan ƙasar ake kiranta a ɗakunan bincike. A 2015 ma an siffanta sababbin nau'o'i shida na dangin, ɗaya daga ciki, wanda aka sa wa sunan Fischberg, yana zaune a ruwayen yankinmu na ciyayi. Amma wuraren taron da na lissafa a sama babu ko ɗaya a Afirka, rumbunan da ke kiwon zuriyoyin suna rarraba wa masu bincike kuma suna wurare irin su Woods Hole a Amurka da Portsmouth a Ingila. Ina kira ga malaman sashen ilmin dabbobi na jami'o'inmu, daga Zariya da Kano har zuwa Jos da Maiduguri, su sa ɗalibansu su shiga kududdufan da ke bayan makaranta su rubuta abin da suka gani, kuma idan aka buɗe karɓar tsakure a taro mai zuwa, su aika da nasu kafin ranar rufewa.