Ramukan Hular Kwano: Yadda Mai Keke Ya Koyi Kokawa da Iska

Duk wanda ya taɓa hawan keke a kan titin Birnin Kudu da sanyin safiyar hunturu, ya nufi gabas, ya san iska tana da nauyi. Manomin da ya ɗaure buhun riɗi a kariya zai tafi kasuwar Sara a ƙasar Gwaram ba ya bukatar malamin kimiyya ya gaya masa ya tattare rigarsa ya cusa a ƙarƙashin cinya, ya sunkuyar da kai bisa ƙaho. Jikinsa ya koya masa. Abin da ya sani a aikace shi ne masana a Turai suka shafe fiye da shekara ɗari suna aunawa, har ya kai su ga wani abin mamaki: huda ƙananan ramuka a jikin hular kwano domin ta ƙara sauri.

Ƙa'idar farko mai sauƙi ce. Idan mai keke ya ninka saurinsa sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da zai kashe wajen keta ta kuwa sau takwas. Saboda haka a saurin 'yan tsere, wajen kilomita 45 a awa, mafi yawan gumin mutum a kan iska yake ƙarewa, kuma jikin mahayin ya fi keken kansa tare ta.

Labarin ramukan daga filin golf ya faro. 'Yan wasa sun lura tsohuwar ƙwallo mai tabo da ƙarzuwa ta fi sabuwa mai santsi nisan tafiya. A 1905 wani injiniya ɗan birnin Leicester a Ingila, William Taylor, ya nemi rajistar ƙwallo mai ramuka a jere. Bayanin dalilin ya zo daga masana biyu. A 1904 Bajamushe Ludwig Prandtl ya nuna cewa akwai wata siririyar shimfiɗar iska da ke manne da jikin duk abin da ke tafiya. A 1912 Gustave Eiffel, mai hasumiyar nan ta Paris, ya gano cewa turjiyar iska a kan dunƙulallen abu takan faɗi kwatsam idan sauri ya kai wani mataki. Prandtl ya ɗaura siririyar waya a jikin ƙwallo a 1914, ya nuna ana iya jawo wannan faɗuwar da gangan.

Ga yadda abin yake. A jikin ƙwallo mai santsi, shimfiɗar iskar takan saki jiki da wuri, ta bar wani faffaɗan gurbi a baya wanda ke janyo ƙwallon baya. Ramuka sukan hargitsa shimfiɗar, ta ƙara riƙe jikin har zuwa can baya, gurbin ya tsuke. Ɗan ƙaiƙayin da aka ƙara ya biya kuɗinsa ninki-ba-ninki.

Masu tseren keke sun daɗe ba su ɗauki darasin ba. A 1972 Eddy Merckx na Beljiyom ya yi kilomita 49.431 cikin awa ɗaya a birnin Meziko, hankalinsa duk a kan rage nauyin keke. A Janairun 1984, a wannan birnin dai, Francesco Moser na Italiya ya zo da wili rufaffe kamar faifai, ya fi na Merckx nauyi, amma ya yi kilomita 51.151. Sai ranar ƙarshe ta gasar zagayen Faransa ta 1989. Laurent Fignon yana gaban Greg LeMond na Amurka da daƙiƙa 50, saura kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. LeMond ya sa hula mai wutsiya, ya kwantar da hannuwa a kan ƙahon da ya miƙe gaba. Fignon ya fito kai ba hula, gashi yana kaɗawa. LeMond ya cinye gasar ta mako uku da daƙiƙa 8 kacal. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa. Bayan shekara ta 2000 kamfanin Zipp ya fitar da wili mai ramuka, kamfanin Louis Garneau na Kanada kuma ya yi su a goshin hularsa. Har yau ana gardama kan yawan amfaninsu, domin ramuka sun fi aiki a kan dunƙulallen abu, alhali hula mai wutsiya ta riga ta rage gurbin da siffarta.

Wani abu a tarihin nan ya cancanci tunani. Manyan 'yan tsere sun karɓi hula domin daƙiƙoƙi tun kafin su yarda da ita domin rai. A 1991 sun yi bore da aka nemi tilasta musu ita. Fabio Casartelli ya mutu a gasar Faransa ta 1995 bayan ya bugi kansa. Sai da Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya rasu a tseren Paris zuwa Nice a Maris 2003 kafin hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta ta.

Mu ma mun yi tamu gardamar. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta wa masu babur hular kwano ranar 1 ga Janairu 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka, wasu fasinjoji kuma suka ƙi sawa don tsoron asiri ko cutar fata. Mai keke kuwa ko ambatonsa ba a yi ba. Ga shi titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa Birnin Kudu cike yake da tirela da tanka, ɗalibai da manoma suna bin gefensa a kan Phoenix da Raleigh, asibitin tarayya na garin kuma shi ke karɓar waɗanda tsautsayi ya rutsa da su.

A saurin keken kasuwa ramuka ba za su ƙara wa kowa komai ba. Abin da zai amfane mu yana ƙarƙashinsu: farin soso mai tauri da ke murƙushewa ya shanye bugu kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Uban da ya saya wa ɗansa keken zuwa makaranta a Birnin Kudu ko Gwaram, da saura cinikin bai ƙare ba.