Tarihin Tsaron WiMAX: Tantancewa da Rabon Mabuɗai

WiMAX fasaha ce ta isar da intanet mai sauri ta iska zuwa gidaje da ofisoshi masu nisan kilomitoci daga tasha, ba tare da an ja waya ba. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta tsara ƙa'idojinta a ƙarƙashin lamba 802.16, ta fitar da na farko a 2001, ta sabunta su a 2004. Tun daga farko an san cewa saƙon da ya bi iska kowa na iya tare shi, don haka aka haɗa wa fasahar tsarin tsaro mai suna PKM. Aikinsa biyu ne: tantance wanda zai shiga, da raba mabuɗan da ake sirranta bayanai da su.

Ba a ƙirƙiri PKM daga tushe ba. An aro shi ne daga DOCSIS, ƙa'idar da kamfanonin talabijin na waya suke amfani da ita wajen kai intanet. Kowace na'urar kwastoma tana fitowa daga masana'anta da takardar shaida ta dijital nau'in X.509. Idan aka kunna ta, sai ta miƙa wa tasha shaidar. Tasha ta duba, ta ƙirƙiri mabuɗin izini, ta kulle shi da lissafin RSA yadda na'urar kaɗai za ta iya buɗewa, ta aika mata. Daga wannan mabuɗi ake samar da waɗanda ke kare mabuɗan zirga-zirgar bayanai.

A cikin aron nan matsalar ta kwanta. A tsarin waya, kwastoma ya san inda igiyarsa ta nufa, kuma mai son yin sojan gona sai ya taɓa wayar da hannu. A iska kuwa, duk mai eriya mai ƙarfi na iya cewa shi ne tasha. PKM na farko ya wajabta wa na'ura ta nuna shaida, amma bai wajabta wa tasha ba. Saboda haka tashar bogi za ta iya jawo na'urori, ta ba su mabuɗin da ita ta ƙera, ta zauna tsakaninsu da intanet. A 2004 David Johnston da Jesse Walker, injiniyoyin Intel, sun fayyace wannan rauni da wasu. Tasha ce kaɗai ke zaɓen mabuɗi, na'ura ba ta sa hannu. Lambar da ke bambance mabuɗan zirga-zirga ba ta wuce iri 4 ba, don haka maharin da ya naɗi tsohon saƙo zai iya sake aika shi ya samu karɓuwa. Ga kuma tsarin sirrantawa na DES mai mabuɗin bit 56, wanda tun 1998 na'urar ƙungiyar EFF ta fasa cikin awa 56.

Gyaran ya zo da 802.16e a 2005, wanda ya ba da damar amfani da WiMAX a kan tafiya, ya kuma kawo PKM na biyu. A nan tasha ma sai ta tabbatar da kanta, ko ta takardar shaida, ko ta tsarin EAP da ke dogaro da uwar garken tantancewa. An sanya lambobin da ba a maimaitawa cikin musayar saƙonni domin toshe sake aika tsofaffi, aka kuma karkata zuwa AES wajen sirrantawa.

Duk da haka ba a rufe kowace kafa ba. Saƙonnin gudanarwa ba a sirranta su, wasunsu ma ba a tantance mai aika su, abin da ke ba mahari damar katse wa mutane sadarwa. Mabuɗin watsa saƙo ga rukuni kuwa kowane ɗan rukunin yana riƙe da shi, don haka ɗayansu zai iya ƙirƙirar saƙo da sunan tasha.

Koriya ta Kudu ta fara kasuwancin fasahar a 2006 da sunan WiBro, kamfanin Sprint ya buɗe nasa a birnin Baltimore na Amurka a 2008. Daga bisani fasahar LTE ta mamaye kasuwa, kamfanoni suka koma kanta. Ƙa'idar tantance juna kuwa ta ɗore: a LTE da 5G, waya da cibiyar sadarwa kowanne sai ya tantance ɗan'uwansa kafin a fara amfani da mabuɗi.