Naira da Sefa: Tarihin Tsadar Abinci Tsakanin Yammacin Katsina da Maraɗi



Kowace shekara hukumomin ƙididdiga sukan fitar da lissafin yadda farashin kaya ya hau a ƙasashensu, watau abin da masana tattalin arziki ke kira hauhawar farashi. Wanda ya jera lissafin Nijeriya da na Nijar ya duba, sai ya yi tsammani ba maƙwabta ba ne. A 1995 na Nijeriya ya haura kashi 70 cikin ɗari, na Nijar kashi 10 ne da 'yan kai. A ƙarshen 2024 na Nijeriya ya kusa kashi 35, na Nijar kuwa a wannan shekara wajen kashi 9. In aka tsaya nan, sai a ce talakan Nijar a inuwa yake, namu ne a rana. Ni kuwa so nake in ɗauki wannan lissafi in kai shi yammacin Katsina, ƙasar Ruma da Safana, wajen su Batsari da Tsaskiya, in auna shi da tarihin wurin. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, manominsa da manomin Madarumfa ta ƙasar Maraɗi damina ɗaya suke jira, gero ɗaya suke ci, sau da yawa kuma a kasuwa ɗaya suke haɗuwa, watau ta Jibiya ran Lahadi. Abin da ya raba su shi ne kuɗin da ke aljihunsu.

Da can ma wannan bai raba su ba. Gaskiya ne bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina sun koma arewa sun kafa Maraɗi, aka kuwa shafe ƙarni na 19 ana kai wa juna hari ta cikin dazuzzukan yamma. Amma duk wannan gaba, kuɗin Bamarɗe da na Bakatsine ɗaya ne, shi ne wuri. Tun da malamin Hausa ne ke magana, sai ku yi haƙuri in tsaya kan kalmomi. Kalmar kuɗi da muke faɗi kullum, asalinta jam'in wuri ce. Dala kuwa sunan azurfar Mariya Tarisa ce, wadda fatake ke ajiya da ita. Ita wannan dala ita ce ma'aunin da ya nuna mana tsadar wancan zamani. Sa'ad da Bature Kilafatan ya zo Kano a 1824, dala ɗaya wuri zambar biyu ce. Da Barth ya zo a 1851 ta zama zambar biyu da ɗari biyar. Kafin ƙarnin ya ƙare ta kai zambar biyar. Abin da ya jawo haka ba a nan ya faru ba: tun daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka shiga jigilar wani wuri mai araha daga Zanzibar suna zuba shi a bakin teku, ya yi ta malalowa arewa har ya yi yawa, darajarsa ta faɗi. Wannan hauhawar farashi ce da muke da shaidarta a rubuce a ƙasar Hausa, kuma ta ci Katsina da Maraɗi tare, ba ta tambayi wa ke bin Sakkwato ba.

Turawa ne suka raba aljihun. Bayan yarjeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, aka bi daji ana kafa alamun iyaka. Kudu ta sami fam da sule da sisi da taro da kwabo da anini. Arewa ta sami tamma, daga 1945 kuma ta zama sefa. Har yanzu mutumin Maraɗi da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, jaka kuma sefa dubu. A wurinmu jaka fam ɗari ce, ta koma naira 200 sa'ad da naira ta zo ran 1 ga Janairu 1973. Kalma ɗaya, ma'ana biyu, tafiyar yini ɗaya a tsakani.

Bambancin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda ake riƙon kuɗin. Sefa a ɗaure take. An ɗaure ta da kuɗin Faransa, sefa 50 a bakin faran ɗaya, daga 1999 kuma aka ɗaure ta da yuro, sefa 655 da ɗoriya a bakin yuro ɗaya. Babban bankin da ke buga ta na ƙasashe takwas ne, hedkwatarsa a Dakar, gwamnatin Yamai ba ta da ikon cewa a ƙara buga mata in baitulmali ya bushe. Naira kuwa tamu ce, muna iya yin yadda muka so da ita, mun kuwa yi. Wannan shi ne asalin tazarar da ke cikin lissafin da na karanta muku. Ba wai ƙasar Nijar ta fi yalwar abinci ba ne.

Mu duba zamanin da naira ke da ƙarfi. Kuɗin mai ya shigo bayan 1973, gwamnatin Janar Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Udoji, a farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashi har da bashin watannin baya. Ma'aikatan da ke zaune a nan sun ji labari wurin magabatansu: rediyo, babur, ƙarin aure. A wannan shekara farashi ya hau da wajen kashi 34 cikin ɗari. Manomin Tsaskiya ba a biya shi Udoji ba, kuma bai daɗe da fita daga farin 1973 ba, amma ya biya kuɗin Udoji a bakin gishiri da kananzir da atamfa. Duk da haka naira ta ci gaba da tsada. A 1980 ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, a farashin gwamnati kuma tana sayen sefa fiye da 300. Saboda haka komai kudu yake gangarowa: shanu da raguna da wake, da 'yan cin rani masu neman naira. Alhazan Maraɗi da yawa a wannan zamani suka yi arziki, suna shigo da taba da yadi da shinkafa ta Kwatano, su haye da su Nijeriya ta hanyoyin daji.

Sai 1984. A watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta canja launin naira, ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris 1986. Wannan ya haɗu da ɗaya daga cikin munanan fari na ƙarnin. Hatsin da ya saba hawa arewa daga kasuwannin Katsina da Kano in damina ta yi gardama, sai ya tsaya. Hausawa sukan sa wa yunwa suna don kada a manta da ita, mutanen ƙasar Maraɗi kuwa suka sa wa wannan suna El-Buhari. A ganina wannan suna ya fi kowane jadawali bayani. Talakawan da ba su taɓa ganin rahoton banki ba sun gane cewa rumbunsu a wata ƙasa yake, mabuɗinsa kuma a hannun shugaban da ba nasu ba.

Daga nan ruwa ya juya. A Satumba 1986 gwamnatin Janar Babangida ta saki naira a kasuwar musaya ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, cikin 'yan makonni dala ta koma wajen naira huɗu. Tun daga ranar mai sefa ya zama babban baƙo a kasuwanninmu. Man fetur da takin zamani, waɗanda gwamnati ke sa wa rangwame, suka kama hanyar arewa a jarka da buhu, sana'ar fasa-ƙwauri ta zama abin da ke ciyar da gidaje da yawa a bakin iyaka. Su ma masu sefa ranarsu ta zo: a Janairu 1994 aka taru a Dakar aka rage darajarta da rabi a dare ɗaya, farashi a Nijar ya hau da kashi 36 a wannan shekara. Amma sau ɗaya aka yi, aka sake ɗaure ta. Naira kuwa a shekarar tana fama da kashi 57, ta kuma ci gaba da zamewa.

Shekarar da nake so ɗalibai su riƙe ita ce 2005. Daminar 2004 ta yanke da wuri a Nijar, fara kuma ta sauka. A Nijeriya farashin hatsi ya riga ya hau, saboda haka babu mai araha da zai hau arewa ya cike giɓin. Wani ma na Nijar ɗin kudu ya gangaro, inda ya fi kuɗi. Manoman da suka sayar da gero da kaka don biyan bashi, da bazara suka dawo sayensa ninki biyu ko fiye. A farkon shekarar gwamnatin Tandja Mamadu ta ɗora harajin kashi 19 kan kayan masarufi, jama'a suka rufe kasuwanni da shaguna a Yamai da sauran birane don ƙin tsadar rayuwa, har aka janye mafi yawansa. Da damina ta faɗi, likitocin agaji suka cika rumfuna da dubban yara masu tamowa, kuma ba a can cikin hamada ba, a Maraɗi, jihar da ake kira rumbun ƙasar. To, nawa lissafin hauhawar farashi na Nijar ya nuna a 2005? Bai kai kashi 8 ba. Na Nijeriya ya kusa 18. Wanda ya bi takarda zai ce mu ne muka fi shan wuya.

Ga abin da ya sa. Shi wannan lissafi, ana yin sa ne da kwandon kayan da ake zaton gida yana saye, a auna kowane kaya gwargwadon nauyinsa, a ɗauki matsakaicin shekara. A lokacin kwandon Nijar na gidajen Yamai ne, masu biyan haya da lantarki da kuɗin mota. Mutumin ƙauye kwandonsa kusan abu ɗaya ne, tiyar gero, kuma a wata uku kaɗai take kashe shi, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba. Matsakaicin shekara yakan haɗiye waɗannan watanni uku. Kuma lissafin bai san da me mutum ke saye ba. Makiyayi da akuya yake sayen gero. In akuyar da ke sayen buhu jiya yau ba ta sayen rabi, farashi ya ninka a wurinsa ko da sefa ba ta motsa ba.

Shekarun baya-bayan nan sun maimaita darasin, sai dai da ƙarin wani abu da yammacin Katsina ya fi kowa saninsa. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 don hana shigo da shinkafa. Kafin nan 'yan bindiga sun riga sun kafu a dajin Rugu, ƙauyuka da yawa na Batsari da Safana sun bar gonakinsu na nesa. A 2021 gwamnatin jihar ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin waɗannan ƙananan hukumomi, ta hana sayar da mai a jarka, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya na 'yan watanni. Ko mene ne amfanin matakan ta fuskar tsaro, sun toshe hanyar da manomi ke mai da akuya hatsi. Wannan tsada ce da ba ta zo daga babban banki ba. Mutumin da ya saba sayar da hatsi ya koma mai awo, kuma ya koma mai awo daidai lokacin da awo ya fi tsanani.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya janye rangwamen man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. A Yuni 2023 aka saki naira, daga wajen 460 a bakin dala har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Nairar da ke sayen sefa 300 a 1980, a 2024 sai an haɗa biyu da rabi kafin a sami sefa ɗaya. Mai jaka ɗaya ta Maraɗi ya shigo kasuwa da wajen naira 2,500, ya taya buhun da ɗan gari ke tayawa, ya kuwa fi shi. Su kuma can ba su tsira ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, hanyar Kwatano ta toshe, shinkafa da magani suka yi tsada a Maraɗi da Yamai. Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A Oktoba na shekarar sai hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina Faso, watau abin da aka yi musu a 1984 suka yi wa maƙwabta bayan shekara 40. A Maris 2025 kuma aka yi layin mai a biranen Nijar, ko da yake suna da matatarsu a Damagaram tun 2011, domin man Nijeriya na bakin hanya da suka daɗe suna dogara da shi ya daina araha, ya daina zuwa.

Akwai wani abu na ƙarshe da ya kamata ma'aikatan da ke aiki da waɗannan alƙaluma su lura da shi. A farkon 2025 hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta sake kwandonta da shekarar da take aunawa daga gare ta, ta rage nauyin abinci a ciki. Lissafin da ya nuna kusan kashi 35 a Disamba sai ya nuna 24 da rabi a Janairu. Gyaran yana da hujjarsa, domin tsohon kwandon na 2009 ne. Amma a tsakanin waɗannan watanni biyu ba a yi sabon girbi a Tsaskiya ba, ba a kuma buɗe gonakin bakin Rugu ba.