Yadda Iyayenmu Suka Kafa Tarayya

Mu da ke sujada a Jega da Aliero da Maiyama muna jin sunan TEKAN, amma kaɗan ne suka san mafarinta.

Masu bishara na SUM sun sauka Wase a 1904. Waɗanda suka biyo baya ba ƙasarsu ɗaya ba: 'yan Danmak a Numan, 'yan Amurka a Lupwe, kowa da tsarin sujadarsa. Da ekklesiyoyin suka tsaya da ƙafafunsu, sai tambaya ta taso, a narke a zama ɗaya ko kowa ya kama gabansa?

A Randa, cikin 1955, iyayenmu suka ƙi duka biyun. Suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya ta zama TEKAN. Kowace ekklesiya ta riƙe majalisarta, ba mai mulkin wata, amma ana babban taro shekara shekara, masaukin yana zagayawa. Wannan hikima ce, a ganinmu. Bachama da Jukun da Ngas ba sa jin harshen juna, sai Hausar Littafi Mai Tsarki na 1932 ta zaunar da su benci ɗaya.