Daga Shamuwa Zuwa Takardar Hasashe: Tarihin Gargaɗin Ambaliya a Ƙasarmu

Waɗanda muka zauna aji ɗaya ba za su manta da gwangwanin nan na awon ruwa da ke bayan ofishin shugaban makaranta ba, wanda malamin labarin ƙasa yake tura mu mu duba kowace safiya. A lokacin mun ɗauka wahala ce kawai. Sai da aiki ya kai ni inda ake karɓar takardar hasashen yanayi kullum na gane abin da yake nufi.

Kakanninmu a Karaye da sauran ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama suna da nasu lissafi tun kafin zuwan Bature. In shamuwa ta sauka, ko gawo ya fara zubar da ganye, an san damina ta kusa. Malamai kuma suna ƙidayar taurari, kowane kwana 13, su ce an shiga Nasara ko Ɗarfa ko Jabha, manomi ya san lokacin marka. Ilimi ne na gaske, amma iyakarsa sararin da ido yake gani. Ruwan da ke cika Gulbin Zamfara a Jega kuwa can gabas yake sauka, ta yadda gari zai kwana babu ko hadari, a wayi gari fadama ta zama teku.

Hukuma ma ba da hasashe ta fara ba, da agaji ta fara. Farin 1973 ne ya farkar da kowa. Ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don lura da ruwan sama da amfanin gona, mu kuma a 1976 aka kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wadda aikinta rabon hatsi da barguna bayan ɓarna ta auku. Sai a 1999, shekara takwas bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka maye gurbinta da NEMA, aka kuma nemi kowace jiha ta kafa tata hukumar. A 2003 hukumar yanayi ta NiMet ta tsaya da ƙafarta.

Duk da haka ruwa bai fasa yi mana ba-zata ba. A Satumban 2010 ruwan madatsar Goronyo ya biyo Gulbin Rima ya cinye garuruwa da gonaki a Sakkwato da Kebbi. A 2012 ambaliya ta game ƙasa, ta hallaka mutum 363 bisa ƙidayar NEMA, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Daga 2013 ne hukumar kula da koguna ta NIHSA ta shiga fitar da hasashen ambaliya na shekara, tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomi da sunansu. Haɗe da hasashen damina da NiMet ke bayarwa a farkon shekara, da na kullum, da na kwana uku, ba sauran mai cewa gwamnati ba ta da labari.

To, a nan ne gizo ke saƙa. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi, jama'a suka cika fadama da shuka fiye da yadda aka saba. Da damina ta 2020 ta zo, gulabe suka tumbatsa a Agusta da Satumba, dubban hekta na shinkafa suka nutse, gadoji suka karye. An yi gargaɗi a waccan shekara, ba a ce ba a yi ba. Amma takarda ce da Turanci, ta bi ofis-ofis, in ta sauko rediyo sai a ce "mazauna bakin gulbi su ƙaura zuwa tudu". Mutumin da ya ci bashi ya zuba a fadama, shinkafarsa ta fara ɗaukar ciki, zai ɗauki gonar ya kai tudu ne? Gargaɗin da zai amfane shi shi ne na watan Maris ko Afrilu, kafin ya sayi iri, a ce masa bana ya shuka mai saurin nuna, ya kuma raba ƙarfinsa tsakanin fadama da jigawa.

A ganina wannan kashi na ƙarshe, daga Birnin Kebbi zuwa zauren mai gari da masallacin Juma'a, shi ne har yanzu ba a gina ba. Cikinmu akwai malaman gona da hakimai da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ina roƙon kwamitin ƙungiya ya sa maganar cikin ajandar taronmu na gaba, kafin shamuwa ta dawo.