Turawan Fam Goma: Baƙuntar 'Yan Birtaniya a Ostireliya, 1947–1972

Littattafan tarihi sun saba kawo Baturen Ingila a matsayin wanda ke fita ƙasarsa don mulki ko ciniki ko wa'azi. Ba kasafai ake tuna cewa talakan Birtaniya ma ya yi ƙaura irin ta neman abinci ba, ya tattara komatsansa a akwati, ya sauka a ƙasar da bai taɓa gani ba, ya sha ɗacin baƙunci kamar kowane ɗan ci-rani. Mafi girman wannan ƙaura bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ce wadda ta nufi Ostireliya, inda mutum fiye da miliyan ɗaya suka tafi a ƙarƙashin shirin da gwamnati ke biyan kuɗin jirgi. Babba fam goma kawai yake bayarwa, yara kuma kyauta. Daga nan ne sunan da ya bi su har yau ya samo asali, domin mutanen Ostireliya suna kiran Baturen Ingila da laƙabin "Pom", sai waɗannan suka zama Pom na fam goma.

Dalilin shirin a bayyane yake. A watan Fabrairun 1942 jiragen Japan sun yi wa garin Darwin ruwan bama-bamai, abin da ya nuna wa shugabannin ƙasar cewa nahiya guda ce a hannun mutanen da ba su kai miliyan takwas ba. A 1945 aka kafa ma'aikatar shige da fice, Arthur Calwell ya zama ministanta na farko, da taken cewa ko ƙasar ta cika da mutane ko ta halaka. Sai dai ba kowane mutum ake so ba. Manufar nan ta ware ƙasar ga farar fata, wadda ta faro tun 1901, tana nan daram, ba a kuma kawar da ita gaba ɗaya ba sai 1973. Ɗan Birtaniya shi ne baƙon da aka fi ɗoki. An ƙulla yarjejeniya da Landan a 1946, shirin ya kankama a 1947. Sharaɗin da ya fi nauyi guda ne: wanda ya koma gida kafin cikar shekara biyu sai ya biya kuɗin da aka kashe wajen kawo shi, ga kuma kuɗin jirgin komawa daga aljihunsa. Ga ma'aikaci mai iyali, wannan tamkar kulle ƙofa ne.

A ɗaya ɓangaren, Birtaniya ta fito daga yaƙi a jigace. Gidaje sun rushe, sababbin ma'aurata suna raɓe a ɗakunan iyaye, sanyin farkon 1947 ya zo da ƙarancin gawayin kwal, abinci kuma sai da kati. Nama bai fita daga rabon kati ba sai 1954. A Disamban 1952 hayaƙi ya lulluɓe Landan har ya kashe dubban mutane. Mutumin da ke cikin wannan hali, aka nuna masa hoton rana da bakin teku da gida mai fili a baya, ba ya buƙatar dogon lallashi.

Tafiyar kan ɗauki mako huɗu zuwa shida a jirgin ruwa, ta mashigin Suez, ko ta kudancin Afirka bayan an rufe mashigin a 1967. Mutane da yawa a nan suka fara ganin teburin da ake ci a ƙoshi har a bar saura. Tashar farko ita ce Fremantle, kusa da Perth, daga nan Adelaide da Melbourne da Sydney.

Gani ya kori ji

Wanda yake da ɗan'uwa ko mai aiki da ya tsaya masa yakan wuce kai tsaye gidan mai masaukinsa. Sauran kuwa masaukin baƙi na gwamnati aka kai su: Pennington a Adelaide, Villawood a Sydney, Wacol a Brisbane, da makamantansu. Yawancinsu tsofaffin sansanoni ne ko gine-gine irin na soja, rumfunan kwano masu siffar ganga da aka tsaga gida biyu aka kifa. Da rani kwanon ya zama tanda, da hunturu ya zama randa. Banɗaki da wurin wanka na tarayya ne, bangon da ya raba iyali da iyali kuma ba ya tare ko tari. Abin da ya fi ci wa mata rai shi ne hana girki a ɗaki. Kowa sai ya bi layi a ɗakin cin abinci ya karɓi abin da aka dafa. Matar da ta yi shekarun yaƙi tana ciyar da gida da ɗan abin da kati ya ba ta, ta wayi gari ba ta da tukunya. Kuɗin masaukin kuma yana cinye kaso mai yawa na albashi, ta yadda tara abin kama gida ya zama da wuya. An ce zaman na ɗan lokaci ne, amma wasu sun shekara biyu a ciki.

Sai yanayi. Kirsimeti, wadda Bature ya sani da duhu da sanyi da wutar murhu, ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafi a Adelaide kan haura digiri 40. Iyalai da dama sun dage sai sun gasa nama da tafasasshen alkaki irin na gida, suna ci gumi na zuba, ƙudaje na damunsu, katunan gaisuwa masu hoton ƙanƙara na jere a kan kanta. Shekarar makaranta tana farawa ne a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, don haka yaro kan sami kansa a ajin da bai yi daidai da wanda ya baro ba. Rana tana bi ta arewa, wanda ya shuka lambu bisa sabon gida sai ya ga ya sa komai a inuwa. Abin mamaki shi ne mutane da yawa sun fi kukan sanyi. Gidan Ingila na bulo ne, matsattse, da murhun kwal a tsakiya; gidan gefen Melbourne kuwa na katako ne ko na fale-falen siminti, an gina shi don ya sha iska, a watan Yuli sanyi na ratsa shi ta ko'ina, sai ɗan risho na kananzir ake kewayewa. Fatar baƙin ma ta biya nata harajin: sun shiga rana ba kariya, a ƙasar da take sahun gaba a duniya wajen cutar dajin fata.

Akwai wani bambanci da ba a sa shi a takardun talla ba. Biranen Ostireliya sun yi ta faɗaɗa da sauri fiye da yadda ake shimfiɗa bututun ƙazanta, saboda haka a unguwanni da yawa makewayi ɗan ɗaki ne a ƙarshen fili, da bokiti wanda ma'aikata ke zuwa ɗauka a mota. Ana gargaɗin baƙo ya duba ƙarƙashin mazauni saboda wani gizo-gizo mai jan baya da dafi. Gaskiya ne talakawan Ingila da yawa su ma makewayinsu a waje yake, amma na ruwa ne. Kuma ai ba don a koma baya aka ƙetare rabin duniya ba.

Fili da nisa

Abin da Ostireliya ta cika alkawarinsa shi ne aiki da gida. Aiki yana nan birjik, albashin mai sana'ar hannu ya fi na gida, nama da 'ya'yan itace da araha, kuma mallakar gida mai fili kimanin rubu'in eka ta zama abin da magini ko makaniki zai iya kai wa. A Ingila irin wannan mutum zai iya mutuwa yana haya. A 1955 aka kafa garin Elizabeth a arewacin Adelaide, aka raɗa masa sunan Sarauniya, ya cika da 'yan Birtaniya, masana'antar motoci ta Holden ta zama uwar garin.

To amma filin nan da kansa ya zo da nasa ciwon. A unguwannin ma'aikata na Glasgow ko Manchester gidaje manne suke da juna, kanti na kusurwa, uwa na layi na gaba, 'yar'uwa na tsallaken titi. A sabuwar unguwa kuwa kowane gida yana tsakiyar filinsa, hanya ba kwalta, motar haya jefi-jefi, kantuna na rufewa da tsakar ranar Asabar, Lahadi gari ya yi tsit. Miji ya fita da safe ya sami abokai a wurin aiki, yara su sami nasu a makaranta, cikin 'yan watanni ma harshensu ya juye ya koma na ƙasar. Mace ce aka bari da bango huɗu. Masanan tarihi James Hammerton da Alistair Thomson, waɗanda suka tattara labaran waɗannan mutane daga bakinsu a littafin da suka fitar a 2005, sun nuna yadda kewar dangi ta kasance cikin manyan dalilan komawa. Tsakanin Landan da Sydney kimanin kilomita 17,000 ne. Wayar tarho tsada gare ta, sai an yi rajistar kira tun da wuri, don haka wasiƙar jirgin sama ita ce igiyar zumunci. Labarin rasuwar uwa kan zo ta talgiram, ba kuwa halin zuwa jana'iza.

Zaman jama'a ma dabam yake. Mashayar unguwa a Ingila wurin hira ce da mata da miji kan zauna tare da maraice. A jihohin Ostireliya da dama doka ta sa a rufe mashaya da ƙarfe shida na yamma, maza su taso daga aiki su yi ta kwankwaɗa a tsaitsaye cikin sa'a guda. An soke dokar a New South Wales a 1955, a Victoria sai 1966, a Ostireliya ta Kudu 1967. Babban zauren mashayar na maza ne zalla, har a 1965 wasu mata biyu suka ɗaure kansu da sarƙa a wata mashaya a Brisbane don nuna adawa. Ko a walimar gida, maza kan taru a gefe guda, mata a wani. Ƙwallon ƙafa da Bature ya tashi da ita ana ganinta wasan baƙin haure ce. Melbourne tana da nata salon ƙwallon, Sydney kuma zari-ruga. Talabijin bai fara ba sai 1956, bayan Turawan Ingila sun riga sun kalli naɗin Sarauniya a akwatunansu a 1953. Asibiti kuwa, wanda ya saba da kiwon lafiya kyauta tun 1948 ya tarar dole ya biya likita ko ya shiga asusun inshora, domin tsarin gama-gari bai zo ba sai 1975.

Harshe ɗaya, ma'ana biyu

Tarkon da ya fi kama su shi ne zaton cewa ba baƙi ba ne. Harshe ɗaya, Sarauniya ɗaya, tuƙi a hannun hagu, fam da sule har zuwa Fabrairun 1966 da Ostireliya ta koma dala. Doka ma ba ta ɗauke su baƙi ba: suna iya jefa ƙuri'a ba tare da sun karɓi takardar zama 'yan ƙasa ba. Ɗan Italiya ko ɗan Girka ya san tun daga tashar jirgi cewa sai ya koyi komai daga farko, ya kuma sami 'yan'uwansa sun kafa ƙungiyoyi da majami'u da kantuna. Ɗan Birtaniya bai yi wannan shiri ba, kuma ba wanda ya ga dalilin taimaka masa. Labarin da aka fi maimaitawa shi ne na matar da aka gayyata biki aka ce ta zo da faranti, ta ɗauko farantinta wayam a zaton masu gida ba su da isassu, alhali nufin shi ne ta zo da abinci a ciki. Abin dariya ne, amma irin waɗannan ƙananan kunya su ne ke taruwa su sa mutum ya daina fita.

Idan kuma ya buɗe baki ya ce a gida ba haka ake yi ba, sai a laƙaba masa sunan Pom mai ƙorafi, a tuna masa cewa jirgin da ya kawo shi yana komawa. A nan kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Ɗan ƙasa yana ganin da harajinsa aka kawo mutumin, kuma ya gaji da a riƙa auna ƙasarsa da mudun Landan. Baƙon kuwa hotunan da aka nuna masa ba su ƙunshi rumfar kwano ba. Wannan matsayi na rabin ɗan gida ya kai wasu inda ba su zata ba: da aka dawo da aikin soja na dole a 1964, samarin Birtaniya mazauna ƙasar masu shekara 20 suna cikin waɗanda dole su yi rajista, ƙuri'a ta faɗa kan wasu aka kai su Biyetnam, yaƙin da ƙasarsu ta haihuwa ba ta tura soja ba.

Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu sun koma Birtaniya. Sai dai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sun tarar an rushe tsohuwar unguwa an yi dogayen benaye, dangi sun saba da rashinsu, ɗakuna sun yi musu ƙanƙanta, sama ta yi duhu, 'ya'yansu kuma su ne yanzu baƙi masu baƙon harshe. Da yawa suka sake tara kuɗi suka koma Ostireliya, wannan karon da kuɗinsu. Cikin yaran da aka kai can akwai 'yan'uwan nan mawaƙa na Bee Gees, da suka isa Queensland a 1958, da Julia Gillard, wadda aka haifa a Wales a 1961, iyayenta suka kai ta Adelaide a 1966, ta zama firaminista a 2010. A 1973 aka ɗaga kuɗin zuwa fam 75, a 1982 aka rufe shirin baki ɗaya. Masana'antar Holden ta Elizabeth ta rufe a 2017. Tsofaffin da suka yi aiki a Birtaniya kafin su tashi suna karɓar fanshonta har yanzu, amma a tsaye yake a kan adadin da aka fara biyansu, domin Landan ba ta yi wa mazauna Ostireliya ƙarin shekara-shekara da take yi wa mazauna Amurka.